Kafin Ranar Baje Koli: Nasiha ga Ɗalibai Masu Shirin Gasar Kimiyya



Kusan kowace shekara, idan zangon karatu ya yi nisa, malamin kimiyya kan shigo aji ya sanar da cewa za a yi baje kolin kimiyya, kowa ya shirya abin da zai nuna. A wasu makarantun abin na cikin gida ne, a wasu kuma sharar fage ne na gasar JETS, inda ake tankaɗe da rairaya daga jihohi har zuwa matakin ƙasa. Da jin sanarwar sai hankalin ɗalibai ya tashi, kowa yana tambayar ɗan'uwansa, "Kai me za ka haɗa?" Daga nan sai a bazama neman kwali da gam da fenti da batir. A ranar baje koli tebura su cika da gidajen kwali masu kama wuta, da jiragen sama, da motoci masu tafiya da batir. Abin gwanin sha'awa, kuma akwai basira a ciki. Amma da zarar alƙalin gasa ya tsaya gaban tebur ya ce, "To, me ka gano?" sai baki ya mutu.

Wannan tambayar ce nake so ku shirya wa tun daga ranar farko. Abin da ake jira daga gare ku shi ne ku ɗauko tambaya guda ɗaya, ku amsa ta da hannunku ta hanyar gwaji da awo, sannan ku faɗi gaskiyar abin da kuka samu. Duk abin da zan faɗa muku nan gaba bayani ne a kan yadda ake cika wannan sharaɗi.

Ku fara sanin abin da ake nema

Ɗalibai da yawa sukan faɗi tun kafin su fara, saboda ba su karanta ƙa'idojin gasar ba. Ku nemi takardar ƙa'ida daga wurin malaminku, ku karanta ta a tsanake, ku ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka ce dole ne. Wace rana za a miƙa rahoto? Mutum nawa aka yarda su haɗu a aiki ɗaya? Wane girma allon bayani zai kasance? Me aka hana kawowa zauren? In babu takarda, ku zauna da malam da biro a hannu ku yi masa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma rarrabe tsakanin ayyuka iri biyu. Akwai aikin bincike, wanda ke neman amsar wata tambaya game da yadda abu yake: shin tumatir ya fi daɗewa a cikin tukunya mai sanyi ko a kwando? Akwai kuma aikin ƙira, wanda ke neman magance wata matsala ta hanyar ƙera wani abu: murhun da zai ci itace kaɗan, ko abin busar da tattasai da zafin rana ba tare da ƙura ta hau shi ba. Dukansu biyun karɓaɓɓu ne, kuma dukansu sai an auna. Wanda ya ƙera murhu ya zama wajibi ya nuna kilo nawa na itace ya ci kafin lita biyu ta ruwa ta tafasa, ya kuma kwatanta da murhun duwatsu uku da aka saba da shi. In bai yi haka ba, ya nuna mana murhu ne kawai, bai nuna cewa ya fi na da ba.

Yana da kyau ku san yadda manyan gasanni ke raba maki, domin ƙanana da su suke koyi. Gasar ISEF ta Amurka, wadda tushenta ya faro a 1950, tana tara ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawa. A cikin maki 100 da take bayarwa, tambayar bincike na da 10, tsarin gwaji 15, aiwatarwa da nazarin sakamako 20, sabon tunani 20, allon bayani 10, sai ganawa da alƙalai 25. Ku dubi wannan rabo da kyau. Allon da ɗalibi zai kwana yana yi wa ado kashi ɗaya cikin goma kawai yake ɗauka, amma abin da zai faɗa da bakinsa idan an tambaye shi ya kai rubu'in makin gaba ɗaya. A can ba a yarda ƙungiya ta wuce mutum uku ba, kuma taƙaitaccen bayanin aiki ba ya wuce kalmomi 250. Ko da makarantarku ba ta bin wannan tsari daidai, idanun alƙalanku wurin waɗannan abubuwa za su tafi.

Tambayar tana bakin ƙofarku

Kada ku ɗauka sai da na'urori masu tsada ake yin kimiyya. Marigayi ko mai rai, duk wanda ya taɓa gano wani abu mai amfani, da kallon abin da ke kusa da shi ya fara. Ku dubi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya tashi a gidan maginan tukwane, ya kuma ga yadda kayan gwari ke ruɓewa a hannun manoman karkara saboda babu wutar lantarki balle firji. A shekarun 1990 ya ɗauki ƙaramar tukunya ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Kakanninmu sun san randa tana sanyaya ruwa. Abin da ya ƙara shi ne ya gwada, ya ƙirga kwanaki: yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahun da ba ya wuce yini guda ya kai kwana 12. A shekarar 2000 wannan aiki ya ci lambar yabo ta Rolex.

Haka buhun PICS da manoman wake a Nijeriya da Nijar suka sani, mai ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na arewacin Kamaru ne suka fara aikin, aka shiga yaɗa shi sosai daga 2007. Sirrinsa shi ne toshe iska: ƙwarin da ke cikin waken su shanye ɗan oksijin da ya rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba maganin ƙwari a abinci ba. A Afirka ta Kudu kuma, wata ɗaliba mai shekara 16, Kiara Nirghin, ta ci babbar kyautar gasar kimiyya ta Google a 2016 da wani haɗi na ɓawon lemo da na fiya mai riƙe ruwa a cikin ƙasa, lokacin da fari ya addabi ƙasarta.

Tukunya, buhu, ɓawon lemo. To ku zagaya gidanku da unguwarku da idon mai neman tambaya. Me ke saurin lalacewa a madafin mahaifiyarku? Me ke cin kuɗin mahaifinku a gona ko a shago? Ruwan rijiyarku yaya kalarsa da damina? Ɗakin da aka rufa da kwano da wanda aka yi wa azara da ƙasa, wanne ya fi zafi da azahar, kuma da digiri nawa? Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka ɗiga masa lemun tsami, yana komawa kore mai duhu idan aka sa masa ruwan kanwa ko na toka; ashe za a iya amfani da shi a gane abin da ke da asid a makarantar da ba ta da takardar gwaji?

Idan kun sami batu, ku yi ta rage shi har ya zama abin da za a iya aunawa. "Tsabtace ruwa" batu ne, ba tambaya ba ce. "Shin 'ya'yan zogale suna tace ruwa?" ta fi kusa, amma da saura. "Giram nawa na garin 'ya'yan zogale ya fi kwantar da laka a lita ɗaya ta ruwan kududdufi cikin awa biyu?" Wannan ita ce tambaya, domin a cikinta akwai abin da za ku sauya, da abin da za ku auna, da lokacin da za ku tsaya. Sannan ku rubuta hasashenku kafin ku taɓa komai: muna zaton kaza ne zai faru, saboda dalili kaza. Ku karanta abin da wasu suka riga suka gano a kan batun, a littafin makaranta ko a intanet, ku rubuta inda kuka samo kowane bayani.

Gwaji na adalci

Nan ne zuciyar aikin take, nan kuma ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, yana cikin jirgi da matuƙan da wata cuta ta kama, mai sa dasashi ya kumbura yana jini, jiki ya mutu. Kowa da maganin da yake yabo. Sai Lind ya ware marasa lafiya 12 da ciwonsu ya yi kama da juna, ya ajiye su wuri ɗaya, ya ba su abinci iri ɗaya, ya raba su biyu-biyu zuwa kashi shida. Kowane kashi ya ba shi magani dabam: wasu ruwan teku, wasu ruwan khal, wasu kuma lemo da lemun tsami. Cikin kwana shida masu shan lemo suka farfaɗo fiye da kowa. A yau mun san ƙarancin bitamin C ne ke jawo cutar. Abin da ya sa ake tunawa da gwajin nasa shi ne ya daidaita komai, ya bar abu ɗaya tak ya bambanta.

Mai girki ta san wannan. In ta ƙara daddawa, ta rage gishiri, ta kuma sauya mai a rana guda, miya ta yi daɗi, ba za ta iya cewa ga abin da ya gyara ta ba. Haka gwaji yake.

Bari mu ɗauki tukunyar Bah Abba mu ga yadda za ku yi. A ce tambayarku ita ce: tsakanin yashi da garin gawayi, wanne ya fi sanyaya tukunyar ciki? Abin da za ku sauya shi ne abin da aka cika tsakanin tukwanen da shi. Abin da za ku auna shi ne zafin cikin ƙaramar tukunya. Sauran abubuwa duk su zama ɗaya: tukwanen daga hannun magini ɗaya, girmansu ɗaya, ruwan da za a zuba a auna shi da kofi ɗaya, a zuba a lokaci ɗaya, a ajiye su a inuwa ɗaya inda iska ke kaɗa su daidai. Idan ɗaya tana gindin bishiya ɗaya tana jikin bango, bambancin da za ku gani na wuri ne, ku kuwa za ku ɗora shi a kan gawayi.

Sai kuma abin kwatanci, wato tukunyar da ba a yi mata komai ba, ba yashi ba ruwa. Ita ce za ta nuna muku abin da zai faru in da ba ku sa hannu ba. Ku riƙa auna zafin iskar wurin ma. Ba tare da waɗannan ba, in kuka ce tukunyarku ta kai digiri 24, alƙali zai ce, "Idan aka kwatanta da me?"

Ku maimaita. Awo ɗaya ba hujja ba ce. Ku tanadi aƙalla tukwane uku ga kowane iri, ku auna a sa'o'i tsayayyu, misali ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe biyu na rana da ƙarfe shida na yamma, har tsawon mako biyu. Daga nan ku fitar da matsakaici. In tukwane uku suka ba ku 24 da 25 da 29, kada ku yi saurin jefar da 29 ɗin. Ku je ku duba tukunyar. Wataƙila ta tsage, wataƙila rana na taɓa ta da la'asar. Ku rubuta abin da kuka gani. Ku lura kuma da lokacin shekara, domin wannan tukunya da busasshiyar iska take aiki. Da hunturu da bazara za ta yi sanyi sosai, da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin zai ragu. Ɗalibin da ya iya faɗin wannan iyaka ta aikinsa ya nuna ya fahimci abin da ya yi.

Rashin kayan awo ba uzuri ba ne. Ma'aunin zafi ana samunsa a ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Sirinji sabo mara allura yana auna ruwa daidai. Agogon waya yana auna lokaci. Gurɓatar ruwa kuma, ku sami dogon bututu mai haske, ku zana baƙar alama a ƙasansa, ku riƙa zuba ruwa kuna leƙawa ta sama har alamar ta ɓace, sannan ku auna tsawon ruwan da rula. Gwargwadon tsawon ruwan, gwargwadon haskensa.

Littafin aiki

Tun ranar farko ku sayi littafin rubutu mai ɗinki, ku sa wa shafukansa lamba. Duk ranar da kuka taɓa aikin, ku rubuta kwanan wata, da abin da kuka yi, da abin da kuka auna, da abin da ya ba ku mamaki. Ku rubuta da biro. In kun yi kuskure ku ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, kada ku goge, kada ku yage shafi. Ku rubuta awo a daidai lokacin da kuka yi shi, a gaban tukunyar, domin ƙwaƙwalwa takan gyara lamba ta koma yadda mai ita yake so. Ku ɗauki hotuna a kowane mataki.

Kada ku sake kwafe littafin don ya yi tsaf. Gogaggen alƙali yakan fi natsuwa da littafin da ya sha hannu, mai tabon laka da gyare-gyare, domin shi ne shaidar cewa an yi aikin a hankali, rana bayan rana. Daga cikinsa za ku fitar da jadawali da zanen sakamako da rahotonku gaba ɗaya.

Gaskiya ita ce jarin mai bincike

A nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. Littafin makaranta ya ce ruwa na tafasa a digiri 100 na Salshiyos. Ɗalibi a Kano ya sa ma'auni ya ga wajen 98, na Jos ya ga wajen 96. Tsoro ya kama su, kowa ya rubuta 100 don kada malam ya ce ya yi kuskure. Alhali ma'auninsu gaskiya ya faɗa. Digiri 100 na daidai da doron teku ne. Duk yadda ƙasa ta ƙara tudu, nauyin iska na raguwa, ruwa ya tafasa da wuri, Jos kuwa tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200. Wanda ya gyara lambarsa ya jefar da ilimin da ya zo masa har hannu.

Idan sakamako ya saɓa wa hasashenku, aikinku bai lalace ba. A 1887 masana biyu a Amurka, Albert Michelson da Edward Morley, suka shirya gwaji mai matuƙar tsari don gano wani abu da masanan zamanin suka yi imanin ya cika sararin samaniya, wanda haske ke bi ta cikinsa. Ba su ga alamarsa ba. Suka buga sakamakon yadda ya zo, kuma wannan rashin samu ya shiga cikin gwaje-gwajen da suka sauya ilimin fiziks. In kun yi zaton gawayi zai fi yashi, awo ya nuna babu bambanci, ku faɗa da ƙarfin gwiwa. Kun hutar da wani daga ɓata gawayinsa.

Ku kuma guji faɗin abin da ya fi ƙarfin hujjarku. In garin zogale ya sa ruwa ya yi garau, abin da kuka nuna ke nan: ya kwantar da laka. Ba ku nuna cewa ruwan ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta ba, don haka kada ku rubuta cewa ya zama na sha, kada kuma ku ba kowa ya sha. Haka batun janareto mara shan mai da ake yawan kawowa, inda batir ke juya inji, injin ya juya abin samar da wuta, shi kuma ya koma yana cajin batirin. Dokar makamashi ta tabbata cewa ba a samar da shi daga babu, kuma a kowane zagaye wani kaso na salwanta ya zama zafi. Batirin zai ƙare, ko ba jima ko ba daɗe. Alƙalin da ya san aikinsa tambaya ɗaya zai yi muku a kai.

Sai babbar magana: sayen aiki. Wasu kan kai kuɗi wurin mai gyaran rediyo ya haɗa musu, wasu yayansu na jami'a ne zai yi, wasu su kwafo rahoto daga intanet ko su sa manhajar waya ta rubuta musu har da lambobin da ba wanda ya auna. Ƙannena, wannan cin amana ne, kuma kanku kuka fara cuta. Kayan aro ba ya rufe katara. Neman taimako halal ne: malam ya duba tsarinku, maƙeri ya yanka muku ƙarfe, magini ya gina muku tukunya. Sharaɗin shi ne ku rubuta a rahoto wane ne ya yi me, tunani da awo da nazari kuma su zama naku. Iyaye da yayye da za su ga wannan rubutu, ina roƙonku ku saya musu kayan aiki, ku raka su, ku yi musu tambayoyi, amma ku bar hannunsu ya yi aikin.

Lafiyarku ta fi kowace kyauta

Wutar gida mai ƙarfin bolt 230 tana kisa. Ku tsaya ga ƙananan batura, duk abin da ya shafi soket sai malami na tsaye. Ruwan batirin mota asid ne mai ƙona fata da makantar da ido. Fetur da gas da maganin ƙwari ba kayan gwajin ɗalibi ba ne a gida. Kada ku gwada wani magani, na gargajiya ko na asibiti, a jikin mutum, ko da ƙaninku ne ya ce ya yarda. Kada ku azabtar da dabba da sunan bincike. Kada ku rena ƙwayoyin cuta a ɗakin kwananku. Gasar ISEF ta haramta yin haka a gida, kuma tana buƙatar izinin kwamiti kafin a fara duk aikin da ya shafi mutane ko dabbobi masu ƙashin baya. In aikinku na buƙatar yi wa mutane tambayoyi, ku nemi yardarsu, ku kuma sakaya sunayensu.

Lokaci, kuɗi da abokan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗauki kalanda ku ƙirga daga ranar baje koli zuwa baya. In kuna da mako takwas, ku ba zaɓen tambaya da karatu mako biyu, tara kaya da gwajin ɗanɗano mako ɗaya, ainihin gwaji mako uku, rubutu da allo mako ɗaya, ku bar na ƙarshe don atisaye da abin da ba a zata ba. Gwajin ɗanɗanon nan kada ku tsallake shi, a nan ne za ku gane cewa tukunya na yoyo ko sikeli ba ya jin giram ɗaya. Ku kuma zaɓi tambayar da ta dace da lokacinku. Ƙwaron wake yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu daga ƙwai zuwa babba a lokacin zafi, saboda haka mai son kwatanta hanyoyin ajiyar wake yana buƙatar aƙalla wata biyu kafin ya ƙirga hujojin da ke cikin ƙwayar wake ɗari ya ga bambanci na sosai.

Ku rubuta kasafin kuɗi tun farko, ku nuna wa iyayenku, kada ku ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Arhar aiki ma abin yabo ce, musamman in manomi ko uwargida aka yi dominsu. In ƙungiya ce, ku raba aiki a rubuce, amma kowa ya san aikin daga farko har ƙarshe, domin alƙali yakan tsallake mai yawan magana ya tambayi wanda ya yi shiru. Ke ɗaliba, kada ki yarda a bar miki rubutun allo da ado kawai. Ki riƙe ma'aunin, ki yi lissafin, ki tsaya ki yi bayanin.

Ranar baje koli

Allonku ya zama mai karantuwa daga taku biyu ko uku. Ku jera shi yadda aikin ya gudana: tambaya, hasashe, kayan aiki da hanya, sakamako, abin da aka fahimta, abin da ya rage. Kowane zanen sakamako ya ɗauki suna, a kuma rubuta abin da aka auna da ma'auninsa, digiri ne ko giram ko minti. Ku ajiye littafin aiki da rahoto a kan tebur. In na'urarku na buƙatar wuta, ku zo da batir da hotuna, kada ɗaukewar wuta ta tsayar da ku.

Ku shirya bayanin minti biyu, amma kada ku haddace shi kamar karatun allo, domin da an katse ku zaren zai tsinke. Hanyar da ta fi ita ce ku fara yi wa kakarku ko ƙaninku bayani da Hausa har su gane. Abin da kuka iya faɗa da harshenku kun mallake shi, juya shi zuwa Turanci ko Faransanci zai zo da sauƙi. Sannan ku sa abokai su yi muku tambayoyi masu zafi: Me ya sa ka zaɓi wannan? Sau nawa kika maimaita? Me zai iya ɓata sakamakon? In za ku sake, me za ku sauya? Wa zai amfana?

Ku gaida alƙalai da ladabi, ku ɗaga murya yadda za a ji ku. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce, "Malam, ban gwada wannan ba, amma ga yadda zan gwada shi." Wannan amsa tana da daraja a wurin masana, kame-kame ne ke zubar da mutunci.

Kyauta ta mutum kaɗan ce, kuma alƙalai mutane ne, suna iya ganin abin da ba ku gani ba, suna iya kuskure. In ba ku ci ba, ku bi su ku tambayi inda aikinku ya gaza, ku rubuta a shafin ƙarshe na littafinku, shi ne mafarin aikin baɗi. In kun ci, ku gode wa Allah da waɗanda suka taimaka muku. Ko wanne ya faru, kada sakamakonku ya ƙare a ƙarƙashin gado. Ku kai shi wurin mai sayar da tumatir ɗin da kuka ga kayansa na ruɓewa, ko manomin da ƙwari ke cinye wa wake, ku gaya masa abin da kuka auna da iyakar abin da kuka tabbatar. Ƙasarmu na buƙatar likitoci da injiniyoyi da malaman gona waɗanda in suka rubuta lamba za a iya dogara da ita, kuma a irin wannan ƙaramin aiki ake fara koyon halin.

Allah Ya buɗa ƙwaƙwalenku, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku zama abin alfahari ga iyayenku da al'ummarku.